Littafin aiki: 'yan katakan igiyar jirgin Bounty

4 ga Nuwamba, 2023

Gangar jikin jirgin ta kammala tun watan jiya. Tana ajiye a kan kantar kaya a ɗakin baƙi, na lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙura. Ƙaramin samfurin Bounty ne nake yi da katako, ɗan jirgin sojan ruwan Ingila mai jigo uku, a ma'aunin ɗaya bisa 48. Wato duk ƙafa ɗaya ta ainihin jirgin ta dawo milimita 6.35 a hannuna, inci ɗaya kuma ya ɗan ɗara rabin milimita. Benen jirgin na gaske ƙafa 90 ne da inci 10, nawa bai cika santimita 58 ba.

Yau na buɗe sabon shafi domin aikin ya sauya fuska. Jirgin iska ba ya motsi sai da igiya, igiya kuwa ba ta da amfani sai da 'yan katakan da take bi ta cikinsu. Iri uku ne a gabana. Na farko shi ne bulok: gidan katako ne da 'yar taya a ciki, igiya ta hau tayar ta sauko, kamar wadda ake ratayawa a bakin rijiya mai zurfi a ja guga. Na biyu faifan katako ne mai huji uku, da shi ake ɗame manyan igiyoyin da ke riƙe da jigo. Ni ido-uku nake ce masa. Na uku 'yan turaku ne da ake sokawa a katakon gefen jirgi, a naɗe bakin igiya a kansu.

Ana sayar da su duka a leda daga waje. Na taɓa sayen leda ɗaya, na zazzage a tafin hannu na duba da gilashi: kusurwa huɗu ne cak, kamar an yanka sabulu, huji ɗaya a tsakiya. Bulok na gaske kuwa jikinsa kamar ƙwallon dabino yake, ba shi da kaifi ko ɗaya, domin kaifi cinye igiya yake yi. Na ɓata wata goma sha ɗaya a kan gangar jikin nan, ba zan rataya mata abin da ido zai ƙi ba. Da hannuna zan yi su. Na ƙirga a takardar zanen da nake bi, bulok kaɗai sun haura ɗari biyu.

11 ga Nuwamba, 2023

Maganar itace. Masu wannan aiki a Turai sun fi son itacen bokis, wani ɗan itace mai ruwan ɗorawa da ke girma a hankali, jikinsa a matse har ba ka ganin ƙofofin gashinsa. Ba mu da shi a nan, saboda haka na tara abin da muke da shi na gwada ɗaya bayan ɗaya. Gwajin kuwa guda ne: in yanki sili mai kaurin milimita uku, in huda shi da bakin huji mai kaurin rabin milimita kusa da gefe, in gani ko zai tsage.

Farin katakon da kafintoci ke aikin silin da shi ya faɗi tun a hujin farko, gashi yake tashi kamar auduga. Maɗaci, wanda na yi ƙasan jirgin da shi kuma nake ƙaunarsa, ramukan jikinsa sun kusa kai girman hujin da nake son yi, sai bakin ya faɗa cikinsu ya karkace. Kirya ta riƙe huji sarai, amma ta karya mini baki biyu kafin la'asar. Wanda ya san dalilin da ya sa ake sassaƙa turmi da ita ba zai yi mamaki ba.

Da yamma na shiga Kasuwar Kurmi wajen wani dattijo mai sayar da alluna, wanda shi ma masassaƙi ne. Na gaishe shi, na ce, "Baba, guntayen da suke ragewa in an fafe allo nake nema." Ya dube ni, ya dubi hoton jirgin a wayata, ya ce, "Ɗana, in kana son abin da ba ya tsagewa kuma yake yin sulɓi, aduwa za ka nema, ita ce take ɗaukar tawada ba ta jiƙe ba." Ya ƙara da cewa in samu busasshen reshen gwaiba ma in gwada. Ya cika mini leda da guntaye, ya ƙi karɓar ko kwabo. Da ɗan gari akan ci gari.

Na gwada aduwar da daddare. Huji biyar a jere, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita ɗaya ba, babu wanda ya fashe. Launinta ma ya yi, fari-fari mai ɗan ruwan zuma.

18 ga Nuwamba, 2023

Kayan aiki sun haɗu. Bakunan huji na milimita 0.4 da 0.5 da 0.6, goma-goma. 'Yar mariƙar hannu da ake murzawa da yatsa biyu. Ƙananan magagarai, mai faɗi da mai kusurwa uku da mai zagaye. Zarton maƙeran zinariya mai siririn baki kamar zare. Hantsaki da fitila mai gilashin ƙara girma daga wajen masu gyaran waya. Sanfefa lamba 320 da 600. Wani maƙerin azurfa a unguwarmu ya ara mini farantin ƙarfen da suke jan waya ta cikinsa, mai jerin ramuka daga babba zuwa ƙarami. Sai an zo kan turaku zai yi amfani.

Lissafin girma ba shi da wuya in ka san ƙa'idar. Turawan Ingila na wancan zamani da kewaye suke auna igiyar jirgi, ba da kauri ba, tsawon bulok kuma yakan kai kamar ninki uku na kewayen igiyar da za ta bi ta cikinsa. Igiya mai inci uku tana son bulok mai inci tara, wanda a wurina ya zama milimita 4.8, zarensa rabin milimita. Igiya mai inci biyu tana son mai inci shida, milimita 3.2 ke nan. Da manyan zan fara, hannu ya saba.

2 ga Disamba, 2023

Na yi talatin, na zubar da talatin.

Ga abin da ya faru. Na fere sili mai faɗin 3.8 da kaurin 2.6, na ja layi duk bayan milimita biyar, na huda ta fuska mai faɗi domin ta nan ya fi sauƙi. Sai da na zura zare na ɗaga a gaban fitila na ga abin bai zauna ba. Tayar da ke cikin bulok a tsaye take tsakanin kumatu biyu, kwance da fuska mai faɗi. Igiya ta gefe take shiga, ta hau bayan tayar, ta fita ta ɗaya gefen. Ashe hujin ta siririn gefe ya kamata ya bi, ya ratsa duk faɗin milimita 3.8 ɗin. Ta fuska mai faɗi babu abin da ke ratsawa sai ƙusar da tayar ke juyawa a kanta.

Na sake sabon sili. Tsarin da na tsaya a kai yanzu shi ne, kada in raba bulok da silinsa sai an gama masa kome, domin da zarar ya rabu ya zama ƙwayar shinkafa, babu inda za ka riƙe. Da farko in ja siririn kwari a tsakiyar kowace fuska mai faɗi, tun daga farkon sili har ƙarshe. Nan ne ɗamarar igiya za ta kwanta. Sannan huji biyu ta gefe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sai in sa bakin reza in haɗa hujin biyu da ɗan rami, in zagaye abin da ya rage a tsakiya, ya fito kamar bayan taya. Ba tayar gaske ba ce, ba ta juyawa, amma in zare ya hau kanta yana lanƙwasa daidai yadda igiya ke yi. Daga nan magagari mai kusurwa uku ya shiga kan layin rabuwa ta fuska huɗu, ya kashe kafaɗu. Zarto ne na ƙarshe.

Wahalar tana wajen hujin. Baki mai kaurin 0.6 da zai yi tafiyar kusan milimita huɗu a cikin aduwa yakan so ya bi ra'ayinsa. Na koyi in fara da tsinin allura in yi masa masauki, in huda rabi ta wannan gefe, in juya in tare shi ta wancan. Cikin goma, bakwai suna haɗuwa a tsakiya.

16 ga Disamba, 2023

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa. Reshen gwaibar da maƙwabcina ya ba ni ashe bai gama bushewa ba, cikin kwana huɗu ya tsage tun daga baki har rabi. Na yanke abin da ya tsira, na ɗiga kakin kyandir a bakunan biyu don ruwan ya fita ta jiki a hankali, na ajiye a ƙarƙashin gado. Aduwar Baba ko gezau, ta daɗe da bushewa.

Yatsuna ma sun faffashe, kuma ba na shafa mai in zan taɓa katakon, domin tabon mai ba ya fita. Sai na gama in shafa man kaɗanya.

Na sami dabarar goge kaifi. Na liƙa sanfefa a cikin gwangwanin madara, na kafa 'yan fukafukan sanfefa huɗu a jikin ƙusa mai tsawo, na soka ta murfin, na ɗaura a injin huji. In na zuba bulok ashirin na juya minti uku, sai su fito sumul. Minti biyar ya yi yawa, kwarin ɗamara yakan shafe. In an ɗauke wuta, 'yata ta tsakiya ce take karɓar gwangwanin ta yi ta kaɗawa kamar caki, nata ma yana fin na injin kyau domin ba ya wuce gona da iri. Masu 4.8 sun kai 46.

23 ga Disamba, 2023

Ban taɓa katako ba yau. Rana irin ta yau a 1787 Bounty ya bar Spithead a kudancin Ingila, shekara 236 ke nan. Ba jirgin yaƙi aka ƙera shi ba tun asali. Jirgin 'yan kasuwa ne mai suna Bethia, an gina shi a Hull a 1784, sojan ruwa suka saya a 1787 suka sake masa suna, suka mai da babban ɗakinsa wurin jera tukwanen shuka. Aka ba kwamandansa, William Bligh, umarni ya je tsibirin Tahiti da ke tekun Fasifik ya ɗebo dashen wani itace mai 'ya'ya kamar burodi, ya kai tsibiran Karebiyan.

Abin da kowa ya sani shi ne tawayen 28 ga Afrilu, 1789, yadda Fletcher Christian, ɗaya daga cikin mataimakan Bligh, ya ƙwace jirgin, aka sa Bligh da mutum 18 a kwalekwale, suka yi tafiyar da ta haura mil 3,600 ta teku har Timor, da yadda 'yan tawayen suka ƙone jirgin a tsibirin Pitcairn a 1790. Abin da ya fi tsaya mini a rai dabam ne. Dashen nan 1,015 da aka loda a Tahiti, don a sami abinci mai arha ne a ciyar da bayin da ke noman rake, bayin kuwa 'yan Afirka ne, da yawansu daga gaɓar yammacinmu aka kwashe su ko iyayensu. Duk igiyar da zan ɗaura a jirgin nan, wannan aike aka ɗaura ta ta yi. Na yanke shawara zan rubuta wannan a allon da zan kafa a gindin jirgin, a sama da labarin tawayen.

6 ga Janairu, 2024

Na shiga masu 3.2, su ne mafi yawa. Sili mai faɗin 2.5, baki na 0.4. Huji ɗaya kawai nake yi musu a sama, in ja rami zuwa ƙasa, domin biyu ba sa samun wuri. Na karya baki huɗu a mako guda, duk a lokaci iri ɗaya: bayan sallar isha, ido ya gaji, ina cewa bari in ƙara biyar. Na kafa wa kaina doka, in na yi sha biyu in tashi.

Ina cikin wannan na tuna da masana'antar bulok ta Portsmouth da ke Ingila. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon sojan ruwan Ingila suna bukatar bulok wajen dubu ɗari a shekara, jirgi mai igwa 74 shi kaɗai yana cin kusan dubu. Marc Brunel, Bafaranshen da ya zauna a Ingila, ya tsara injuna, Henry Maudslay ya ƙera su da ƙarfe, guda 45. Zuwa 1808 suna fitar da 130,000 a shekara, mutum goma suna yin aikin da a da sai ɗari da goma. Wani injin yanka, wani huji, wani fafe gidan taya, wani zagaye jiki, wani jan kwarin ɗamara. Da na duba jerin, sai na ga kusan matakan da na isa gare su ne da silina bayan na zubar da talatin. Aikin ne da kansa yake nuna wa mutum abin da zai fara da wanda zai biyo. Bounty dai ya riga injunan nan da shekara goma sha, saboda haka in nawa suka ɗan bambanta da juna, ban yi nisa da gaskiya ba.

Gidan bulok na gaske a wancan zamani da itacen elm ake yi, tayar kuma da wani itace mai nauyi daga yankin Karebiyan, mai maiƙo a jikinsa, wanda har nutsewa yake a ruwa.

20 ga Janairu, 2024

Ido-uku. Wannan ne ya fi ba ni daɗi, shi ne kuma ya fi neman gaskiya, domin a jere suke zama a gefen jirgi, inda idon mai kallo yake fara sauka. In ɗaya ya karkace, duk layin ya lalace.

Yadda suke aiki abin sha'awa ne. Babbar igiya ta sauko daga kan jigo ta naɗe faifai ɗaya. Wani faifan yana ƙasa, an kama shi da ƙarfe a jikin jirgi. Siririyar igiya ta yi ta kai da komo tsakanin hujin na sama da na ƙasa har ta cika shidan, in an ja ta sai faifan biyu su matso juna, babbar igiya ta ɗame. Babu taya a ciki, gogayyar katako da igiya ce take riƙewa, shi ya sa ba ya kwancewa. Igiyar rama tana sauya tsawo da zafi da laima, don haka matuƙa sukan kwance su sake ɗamewa a cikin tafiya.

Gwaibar da ta sha kaki ta bushe, da ita na yi su. Ta fi aduwa duhu kaɗan, kuma tana son juyi. Na fere ta zagaye, na ɗaura a injin huji da na danne a tebur, na rage ta da magagari zuwa milimita biyar, na ja kwari da gefen zarto, na zagaye fuska, na yanke. Na saman jigo milimita uku da rabi.

Hujin ukun ne ya hana ni barci kwana biyu. Da ido na fara, suka fito kowanne da irin fuskarsa. Sai na yanki murfin gwangwani, na zana da'ira, na raba ta uku da kamfas ɗin ɗana na makaranta, na huda. Na fafe rami a guntun kirya daidai girman faifan, na kafa murfin a kansa da ƙusa ɗaya yadda zai riƙa juyawa gefe. In jefa faifai a rami, in rufe, in huda ta ramukan murfin. Kiryar da ta karya mini baki ta sami aikin da ya dace da ita.

Akwai abin lura guda. Tunda daga sanda nake yanko su, hujin yana bin tsawon jijiyar itace ne, in ka ja zare da ƙarfi faifan yana iya rabewa biyu. Uku sun yi mini haka. Yanzu ina tsoma su a gam mai ruwa-ruwa kafin huji, su sha su bushe. Bayan huji kuma ina ɗan kwantar da bakin kowane rami ta inda zaren zai fita, kamar yadda yake a na gaske. Ba kowa zai gani ba, amma zaren yana kwanciya maimakon ya tsaya ƙiƙam.

10 ga Fabrairu, 2024

Masu taya biyu sun kammala, 28. Sili mai kauri ne kawai da huji biyu gefe da gefe; bangon da ke tsakani bai kai rabin milimita ba, aduwa ta riƙe. Na shafe kome da siririn banish da aka tsinka sosai, shafa ɗaya. Ido-uku na tsoma su a baƙin rini tukuna, domin na gaske kwalta suke sha tare da igiyoyinsu.

Na fara ɗaura ɗamara. Ina soka bulok a tsinin allura da na kafa a katako, in zagaya zare ta kwarin, in naɗe wuyan da zare mafi siriri sau biyar. Duk zaren sai na ja shi ta cikin kakin zuma, ya kwantar da gashi.

24 ga Fabrairu, 2024

Turaku. Tsawonsu milimita takwas da rabi, ƙafar 0.7. Aduwa da gwaiba duk sun karye a wannan sirantaka. Gora ce ta yi, irin tsinken da masu tsire suke amfani da shi. Na tsaga shi huɗu, na ja ta farantin maƙerin azurfa rami bayan rami har ya kai milimita ɗaya da ɗigo biyu, sannan na juya a injin na fitar da ƙafa da mariƙi. Na mayar masa da farantinsa tare da turke guda a cikin takarda. Ya ɗora a farcensa ya daɗe yana kallo, ya ce in kawo jirgin ya gani in an gama.

9 ga Maris, 2024

Yau aka fara hawa jirgi. Na kafa jigon gaba, na rataya igiyoyi biyu na farko ta hannun dama, domin ƙa'idar ita ce dama tukuna sannan hagu, bi da bi, daga gaba zuwa baya. Na lanƙwasa waya mai ƙugiya biyu ta riƙe tazara tsakanin faifan sama da na ƙasa, don duk layin ya tashi kai ɗaya. Faifan sama hujinsa na tsakiya yana kallon sama, na ƙasa yana kallon ƙasa. Na ƙulla bakin siririn zaren ta ciki, na bi ramukan shida, na ja a hankali ina sauraron ko wani abu zai ce ƙas. Babu abin da ya ce. Na taɓa igiyar da yatsa, ta yi rawa ta tsaya.

Ban ɗaure bakin zaren ba tukuna. Iskar yanzu busasshiya ce, in damina ta zo zare zai sha laima ya sauya tsawo, katakon ma haka. Zan bar su duka a sake har ruwan farko ya sauka, sannan in daidaita jigon in ƙulle.

Azumi ya ƙarato, aikin dare zai tsaya. Abin da ke cikin kwalaben magani a kan tebur: masu 4.8 guda 52, masu 3.2 guda 117, masu taya biyu 28, ido-uku manya da ƙanana 84, turaku 40. Saura ƙananan bulok na can ƙololuwa, masu milimita biyu da rabi, da 'yan ƙwallayen da ke zagaye jigo su riƙe sandar gicciye. Aduwar ta kusa ƙarewa. Gobe in Allah ya kai mu zan koma Kurmi wajen Baba, in tafi masa da bulok guda a zare ya ga abin da guntayensa suka zama, in roƙi wasu.